Mutumin Cikin Akwati

"Ya mutu! Wallahi wannan ya tafi!" Gwaggo Asibi ta faɗa, tana dukan cinyar matar da ke kusa da ita maimakon tata.

"Bai mutu ba, Gwaggo, suma ya yi," in ji Mounira. "Ku yi shiru in ji abin da likita ke cewa."

Ranar Lahadi ce bayan azahar, tsakar gidan Malam Sabitu mahauci ta cika maƙil kamar yadda ta saba. Tele na bisa tebur a ƙarƙashin rumfa, an jona ta da batirin mota, don wuta ba ta iso layinsu ba tun da aka taso Zongo daga tsakiyar Lomé aka jibge ta nan bayan gari. An yi zaman jiran 'yan rawar jam'iyya su gama waƙoƙinsu na yabo, ba wanda ya ko yi tari, sannan aka sako wasan asibitin Turawa, wanda kowa ya zo dominsa.

Fassara aikin Mounira ne. Ita ce 'yar farin Malam Sabitu, tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ita kaɗai ce a layin ke iya kama Faransancin likitocin nan da gudunsa. Takan tsaya a gefen tele, ta juya wa manya baya, tana mayar da magana cikin Hausa. Tun ranar farko aka yanke hukunci cewa duk abin da ya fito daga bakinta a wannan tsayuwar ba ita ta faɗa ba, akwati ne ya faɗa. Da wannan fatawar ta ambaci mahaifa da basir da tsakuwar mafitsara a gaban dattawa, ba wanda ya ce ta yi rashin kunya.

"Likita ya ce hanjin mutumin ne ya zurara ta wata kafa a ƙasan mara," ta ci gaba. "Ya ce ƙaba ce. Ya daɗe da ita, in ta fito yakan danna ta koma. Yanzu ta fito ta ƙi komawa, ta shaƙe hanjin."

"Ni ma ina jin haka," in ji Gwaggo, ta dafe ciki.

"Asibi, makon jiya ciwon zuciya gare ki," wata ta tuna mata. "Kafin nan kuma ƙari a ƙwaƙwalwa."

"To laifi ne mutum ya haɗa?"

Aka kwashe da dariya. Mounira ba ta yi ba, don likitan cikin akwati yana lissafa alamomi, ita kuma tana maimaitawa, muryarta na raguwa. Amai. Ƙin abinci. Zufa mai sanyi. In ba a buɗe shi yau ba, hanjin zai ruɓe, gobe sai gawa.

Sai a lokacin ta lura da abin da kunnenta ya rasa tun fara wasan. Kowace Lahadi, daga bayan taro inda yake jingine a kan buzunsa, babanta ne ke yi wa likitocin gyara. "Dubi yadda ya riƙe wuƙa kamar mai rubuta wasiƙa," yakan ce. "Wannan ko kaza ba zan ba shi ya feɗe ba." Yau bai ce uffan ba. Da asuba ta ji shi yana amai a bayan ɗaki. Bai je mayanka ba, abin da ba ta taɓa gani ba. A zaune ya yi azahar. Tuwon jiya ya dawo kamar yadda aka kai shi. Kuma ita ce ke wanke faffaɗan ƙyallen da yake ɗaure mararsa da shi shekara da shekaru, wanda duk gidan ya san dalilinsa, duk gidan kuma bai sani ba.

Sau biyu ta gaishe shi da jiki tun safe, sau biyu ya ce da sauƙi.

Babu kalmar da Mounira ta tsana a Hausa irin wannan. Maƙwabcinsu tela ya ce da sauƙi da hantsi, aka binne shi kafin la'asar. Wata ƙawarta ta yi kwana da kwanaki tana naƙuda a ɗaki, duk wanda ya leƙa sai a ce masa da sauƙi. A Zongo ba a mutuwa da ciwo, da sauƙi ake mutuwa, sannan a shimfiɗa tabarmi a ce kwana ne ya ƙare.

Ta juyo ta fuskanci taron.

"Baba, ku tashi mu tafi asibiti."

Malam Sabitu ya buɗe ido. Fuskarsa ta yi toka-toka, zufa na bin gemunsa. Bai taɓa kiran sunanta ba, kunyar 'yar fari, yau ma bai kira ba.

"Ke, juya ki yi aikinki."

"Baba, abin da ke damun mutumin nan…" Sunan ciwon da ta furta yanzu-yanzu ya maƙale mata, don yanzu fuskarta na kallonsa. "Shi ke damun ku."

Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi. Boko ke nan."

"Iska ce kawai," in ji Malam Sabitu. "Na sha kanwa. Da sauƙi."

"To shi ke nan." Mounira ta bar gefen tele, ta je ta zauna a kan turmi ta harɗe hannuwa. "Na ajiye aiki. Yau da Lahadi mai zuwa da ta bayanta. Sai ran da Baba ya ga likita."

A cikin akwati an ɗora mutumin a gado mai taya ana gudu da shi, matarsa na bin su tana kuka, likita na ta zuba magana. Mutane suka dubi akwati, suka dubi Mounira.

"Alasan, kai direba ne, kana jin Faransanci," wani ya ce. "Me ya ce?"

Alasan, wanda ke ɗaukar wa Malam Sabitu nama daga mayanka, ya koyi Faransancinsa ne a shingayen jandarma. Ya matso ya kasa kunne, ya yamutsa fuska.

"Ya ce… ya ce a kawo takardun mota."

Nan take ra'ayin jama'a ya juya. Dattijon da ya ce boko ya gyara murya ya ce ai neman magani ma sunna ne. Mata suka ce Malam ya dubi Allah. Gwaggo Asibi, wadda ita ta goya shi yana jariri, ta miƙe ta tsaya a kansa.

"Sabitu, tashi. Na wanke maka kashi kafin ka san sunanka, ba za ka yi mini taurin kai a gaban mutane ba."

"Yaya, ba komai fa."

"In ba komai, tashi ka taka mu gani."

Ya yunƙura, ya kasa. Maza huɗu suka ɗauke shi da buzunsa, yana cewa shi dai zai je ne don kada a ce ya hana jama'a kallo. Aka shimfiɗa shi a bayan motar nama, Gwaggo da Mounira suka hau. Sai da motar ta kai bakin layi sannan Mounira ta jiyo wani daga cikin gida yana cewa, "Kai! To wa zai fassara mana?"

Hanyar gari doguwa ce, Alasan kuma bai bar rami ko ɗaya bai gaisa da shi ba. Duk faɗawa sai Malam Sabitu ya cije leɓe ya ce, "Alhamdulillahi." Gwaggo ta ɗauki aikin koyarwa.

"Ka ga, ni na san asibiti, duk mako ina kallo. Wanda ya shiga da ƙafarsa yana sallama, benci ake nuna masa. Wanda ya shiga da ihu, shi ake kawo wa gado mai taya. Ka riƙe ciki haka, ka juya ido, ka ce wayyo."

"Ni Sabitu in yi wayyo? Sa ya taka ni a mayanka ban yi wayyo ba."

"To ka yi nishi. Ɗan ƙarami."

"Yaya, ki bar ni in ji da abu ɗaya."

"Wane abu?" Mounira ta yi caraf ta tambaya.

Ya kau da kai. "Rana."

Babban asibitin bai yi kama da na cikin akwati ba. Babu mai gudu. Dogon benci ne cike da mutane a ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, da wani ma'aikacin jinya mai farar riga yana bin layi yana tantance wa zai fara shiga. Da suka iso, Malam Sabitu ya ƙi a ɗauke shi. Ya dafa kafaɗar Alasan, ya gyara hularsa, ya taka har benci, ya yi wa mutanen da ke kai sallama ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aikacin ya iso kansu. "Ça va, papa?"

Wannan kam Malam Sabitu ya sani. An gaishe shi, kuma ɗan mutunci ba ya amsa gaisuwa da ƙorafi.

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Ça va mieux, chef," Alasan ya fassara da sauri, yana murna an zo wurin da ya iya.

Mounira ta shiga tsakani, ta zuba wa ma'aikacin Faransanci: ƙaba ce, ta shaƙe, yana amai tun asuba, dole a buɗe shi yau. Mutumin ya dube ta a gajiye.

"Madmazel, ke ma kina kallon wasan Lahadi ko? Makon jiya mutum nawa suka zo mini da ƙari a ƙwaƙwalwa. Ga mai jiki ya shigo da ƙafarsa, ya ce ya ji sauƙi. Ga kuma yaro can jini na zuba. Ku jira layi." Ya wuce.

Ba ta ga laifinsa ba, shi ya fi ƙona mata rai. Ta durƙusa a gaban babanta.

"Baba, don girman Allah, in ya dawo ku gaya masa gaskiya."

"Ƙarya na yi? Ai akwai waɗanda suka fi ni."

"Mutuwa za ku yi a kan bencin nan!"

"Ke, rage murya. Mutane na ji."

Gwaggo Asibi ta dubi ƙanenta, ta dubi tsawon layin, ta cire mayafinta ta miƙa wa Alasan. "Riƙe mini, sabo ne."

Ta taka zuwa tsakiyar falon, ta zaɓi inda ya fi tsabta, ta dafe ƙirji. Ihun da ta kurma sai da ya tashi tsuntsaye daga bishiyar mangwaron waje. Ta yi juyi ɗaya, ta kira uwarta da ta rasu tun zamanin Faransawa, ta zube. Ƙafarta ɗaya ta ci gaba da karkarwa, daidai yadda wata Baturiya ta yi a wasan watan jiya.

Ga mamakin Mounira, sai ga gado mai taya. Mutum biyu suka ciccibi Gwaggo suka ɗora.

"Ba ita ba ce!" Mounira ta bi su tana faɗa. "Shi ne! Ga shi can!"

Gwaggo ta buɗe ido ɗaya ta yi mata raɗa: "Faɗa musu tare muke." Ta sake rufewa. Sai dai ba a kai ko'ina ba wata ma'aikaciya ta tare gadon da allura a hannu, doguwa, tana tsirto ruwa. Gwaggo ta buɗe ido biyu. Kafin a kama hannunta ta diro ƙasa, ta gyara ɗaurin zane.

"Na warke. Allah ya saka da alheri. Hannunku da albarka."

Hayaniyar ce ta fito da likita daga ɗakinsa, wani saurayi siriri, ɗan kudu, da tabarau. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka a kan dattijon da ke zaune a miƙe a ƙarshen benci, fuska kamar toka, riga jiƙe da zufa, yana murmushin ladabi. Likitan ya fasa faɗan. Ya nuna gadon da Gwaggo ta bari.

"Wancan. Ku shigo da shi."

A ɗakin duba marasa lafiya aka ja labule. Malam Sabitu ya ce Alasan ya tsaya, yarinya ta fita. Mounira ta fita, amma ba ta wuce bakin labulen ba.

Likita ya tambayi inda ke ciwo. Malam Sabitu ya nuna kansa, ya ce ɗan zazzaɓi ne. Likita ya tambayi yaushe ya fara amai, yaushe rabonsa da bayan gida. Alasan ya saurara da kyau, ya ce, "Maigida, ina jin yana tambayar daga ina muka taso." Likita ya kai hannu zai ɗaga riga, Malam Sabitu ya riƙe hannun, cikin mutunci amma da ƙarfin mai kayar da sa.

Likita ya leƙo waje. "Madmazel, ba zan yanka mutum da ƙarfi ba, ba kuma zan yanka shi a kan zato ba. In abin da kika faɗa wa ma'aikacinmu ne, lokaci na tafiya. Ki shigo ki fassara."

Ta shiga. Babanta na ganinta ya juya fuska ga bango.

"Ba a gabanta ba."

Ta tsaya. Duk abin da ta karanta, duk faɗan da take yi da mutanen layi a kan ruwan rijiya da allurar rigakafi, ga shi ya zo ya tsaya a kan wannan: uba ba zai ambaci abin da ke ƙasan cibiyarsa a gaban 'yarsa ta fari ba, ko da za a binne shi da shi. Ta ji kamar ta kama shi ta girgiza.

Maimakon haka sai ta taka zuwa gefen wata 'yar kabad ta ƙarfe da ke kusurwa. Ta juya masa baya. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga murya irin ta ranar Lahadi.

"Likita ya ce, mutumin nan da aka kawo, tun yaushe abin ya fito ya ƙi komawa?"

Alasan ya dubi bayanta, ya dubi maigidansa. Likita ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu ba tare da ta juyo ba.

Can sai ga muryar Malam Sabitu, yana magana da bango.

"Mutumin… tun jiya da la'asar. Cinyar bijimi ya ɗaga."

Ta mayar da Faransanci. Likita ya yi tambaya ta gaba.

"Likita ya ce, mutumin yana fitar da iska?"

"Ko kaɗan. Tun jiya. Cikinsa kamar ganga."

"Likita ya ce, zafin ya kai yaya?"

"A ce masa mutumin yana da haƙuri. Amma da wani ne, da ya yi wayyo."

"Likita ya ce zai duba wurin."

"To ya duba. Ai shi mutumin ba shi da ta cewa."

Ta ji ƙarar kwance ƙyalle, ta ji likita ya ja numfashi ta haƙora, sannan ya ƙwala kiran ma'aikata. A karo na farko tun isowarsu ta ga ana gudu a asibitin.

Da za a tura gadon, Malam Sabitu ya kama hannun likita, ya juya shi, ya duba tafin da yatsun kamar mai taya rago.

"A tambaye shi, wuƙarsa da kaifi?"

"Likita ya ce sabuwa ce, ba a taɓa yanka da ita ba."

"A ce masa ya bi jijiya, kada ya yi gaggawa. Kuma in ya gama ya ɗinke da kyau, fatar ba ta sayarwa ba ce."

Suka yi la'asar a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, suka yi magariba a nan. Gwaggo ta ƙi cin komai, carbi kawai take ja, ba ta kamu da ciwo ko ɗaya ba duk tsawon jiran. Sau ɗaya ta ɗago ta ce, "Shin na cikin akwatin, ya tashi kuwa?" Mounira ta ce ba ta sani ba. Da likita ya fito, ya cire tabarau ya goge, ya ce hanjin ya fara baƙi amma ya dawo, da an kai gobe da wani zance ake yi.

Washegari da hantsi rabin layinsu ya iso asibitin da kwanonin kunu, har da dattijon da ya ce boko. Aka bar mutum kaɗan suka shiga. Malam Sabitu na kwance, roba a hanci, roba a hannu, maganin barci bai gama sakinsa ba.

Dattijon ya matsa. "Malam Sabitu, yaya jiki?"

Malam Sabitu ya buɗe ido da ƙyar.

"Babu sauƙi," ya ce. "Ko na ƙwayar gero babu. Yaron nan ya feɗe ni kamar akuya. Wayyo cikina. Wayyo Allah."

Masu gaisuwa suka dubi juna a firgice. Ba su taɓa jin an amsa gaisuwa haka ba. Wata ta fara salati, wata ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita da gudu ta kai labari. Kafin Mounira ta kai ƙofa, matan da ke baranda sun fara kuka.

Suka yi mata caa. "Mounira, gaya mana gaskiya. Yaya jikin nasa?"

Ta buɗe baki za ta yi musu bayanin hanji da jini da abin da likita ya ce. Ta duba cikin Hausarta kaf, ta duba cikin Faransancinta, ta rasa wadda ta fi dacewa.

"Da sauƙi," ta ce.

Kukan ya ƙaru.